Yadda za ka karanta tsohon takobi da sulken Turawa a gidan tarihi

Wanda ya tashi a Tawa ko Yamai ba baƙon takobi ba ne. Yana ganinsa rataye a kafaɗar Buzaye ranar kasuwa, yana ganinsa a hannun mahaya ranar hawan salla. Wannan sabo da ido ya yi jari ne, idan karatu ko fatauci ko ziyarar ɗan'uwa ta kai mutum Turai ya shiga ɗakin makaman da. Mafi yawan masu shiga irin wannan ɗaki bin layin gilashi suke yi, su ɗauki hoto, su fito ba su ga komai ba sai ƙyalli. Mai son ya amfana, tambaya biyu zai riƙa yi a gaban kowane abu: wane aiki aka ƙera shi ya yi, kuma cikin abin da ke gabansa, wanne ne ya fito daga maƙerar farko, wanne aka ƙara daga baya.

Horar da ido tun daga gida

Gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ba wurin sulken Turawa ba ne, na kayan gargajiyarmu ne, kuma akwai masu sana'ar hannu da ke aiki a harabarsa. Amma a nan gida ake fara koyon kallon ƙarfe, domin tsofaffin takubban Buzaye da na fada da yawa ruwansu ƙirar Turai ne. Daga garuruwan maƙera irin su Solingen da Passau a Jamus ake kawo ruwan takobi tsirara, ya ƙetare teku zuwa Arewacin Afirka, ayari ya ratso Sahara da shi, maƙeran Agadas da na ƙasar Hausa su yi masa mariƙi, dukawa su yi masa kube. Shi ya sa za ka ga tambarin kyarkeci mai gudu, ko jinjirin wata biyu masu fuska, a jikin takobin da kakanni suka bari. Maƙeranmu ma sun kwaikwayi waɗannan tambura a kan ruwan da suka ƙera da kansu, saboda haka tambari kaɗai ba ya yanke hukunci.

Ka nemi wani dattijo ko maƙeri mai tsohon takobi, ka roƙi izini, domin ba a zare takobin mutum sai ya yarda. Ka zo da igiyar awo irin ta tela da sikelin kilo. Auna tsawon takobin duka, auna ruwan kaɗai daga kariyar hannu zuwa tsini, auna faɗinsa a gindi da tsakiya da kusa da baki. Ɗora shi a kan yatsa ka nemo inda yake tsayawa daidai ba ya rinjaya, ka auna nisan wurin daga kariyar hannu. Rubuta duka. Waɗannan lambobi su ne ma'auninka, domin a Turai ba za a ba ka ka riƙe ba, sai dai ka karanta nauyi a takarda, kuma kilo ɗaya da giram 200 ba ya nufin komai ga wanda hannunsa bai taɓa jin irinsa ba.

Wane gida, don wane abu

Ga mutanen Nijar, wanda ya fi saukin kaiwa shi ne Musée de l'Armée da ke cikin Invalides a Faris, ginin da Sarki Luwi na 14 ya ba da umarnin yi a 1670 don tsofaffin sojoji. An kafa gidan tarihin a 1905. Sashen tsofaffin makamai ya ɗauko daga ƙarni na 13 zuwa na 17, kuma yana ƙasa, da ka shiga babbar farfajiya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 8 yana sauke ka a La Tour-Maubourg, layi na 13 a Varenne. Ana biyan kuɗin shiga, amma ɗalibin da bai kai shekara 26 ba kuma yana da takardar zama ya nuna ta a wurin tikiti, domin gidajen tarihin gwamnatin Faransa da yawa suna yafe wa irinsa.

A Landan akwai Wallace Collection, gidan attajiri ne da aka buɗe wa jama'a a 1900, shiga kyauta, kuma ga mai koyo babu kamarsa, saboda ɗakunan ƙanana ne, kayan suna kusa da ido. Royal Armouries da ke Leeds a Ingila, wanda aka buɗe a 1996, shi ma kyauta ne. Can ne kwalkwali mai ƙaho yake, wanda Konrad Seusenhofer ya ƙera, Sarki Maximilian ya aika wa Henri na 8 na Ingila kyauta a 1514. Biyena da Madarid da Dresden suna da kayan sarakuna waɗanda suka fito daga ma'ajin gidajen sarauta, don haka tarihin da yawansu a rubuce yake. Shi kuwa ma'ajin makamai na Graz a Ostiriya daban ne: an gina shi tsakanin 1642 da 1645 don tsaron iyaka daga Turkawan Usmaniyya, kuma har yau abubuwa kimanin 32,000 suna jere a bene huɗu. Kayan talakan soja ne, ba na ƴaƴan sarki ba. Wanda ya ga Graz ba zai sake zaton kowane mayaƙi zinariya yake sawa ba.

Kafin ka taka ƙafa, shiga shafin intanet na gidan ka duba ranakun buɗewa, kuma ka duba ko sashen da kake so a rufe yake don gyara. Gidaje irin su Wallace da Royal Armouries da Metropolitan na Niyok sun sa kundin kayansu a intanet, da hoto da tsawo da nauyi da lambar rajista, kuma tun 2017 Metropolitan ya saki hotunan tsofaffin kayansa kowa ya sauke kyauta. Wanda ba shi da halin tafiya zai iya yin rabin karatun nan daga Tawa da waya. Mai tafiya kuwa ya zaɓi abu biyar ko shida, ya rubuta lambobinsu. Awa biyu a gaban abu biyar sun fi yini guda ana zagaya dubu. Ka bar wuƙar aljihu a masauki, akwai bincike a ƙofa. Ka kuma sa tufafi masu duhu: farar shadda tana haska gilashi, sai ka riƙa ganin rigarka maimakon takobin.

Takobi

Kada ka fara da mariƙi, ko da shi ne ya fi ado. Fara da ruwa, domin shi ne ke faɗin aikin takobin. Tsaya daidai gabansa ka dubi gefunan biyu. In sun tafi kusan a jere har kusa da baki, ruwan mai faɗi, tsinin a ɗan zagaye, to na sara ne, irin na ƙarni na 10 zuwa na 13, lokacin da abokin gaba ke sanye da sulken zobba ko tufa kawai. In kuwa gefunan suna matsowa tun daga gindi har su haɗu a tsini mai kama da allura, na suka ne, kuma ya yawaita daga ƙarni na 14, sa'ad da barade suka fara rufe jiki da farantan ƙarfe. Sara ba ya cin faranti. Sai dai a nemi kafa: hammata, cikin gwiwar hannu, matsematsi, ramin ido na kwalkwali. Har ma mayaƙi kan kama tsakiyar ruwan da hannun hagu ya tura shi kamar gajeren mashi.

Sai ka dubi tsakiyar ruwan. Na sara yakan zo da kwarmi mai faɗi da ya bi tsawonsa. Za ka ji ana cewa hanyar jini ce. Ba haka ba ne. Maƙeri yana rage ƙarfe a tsakiya ne don ruwan ya yi sauƙi ba tare da ya rasa ƙarfinsa ba. Na suka kuwa tudu yake da shi a tsakiya maimakon kwarmi, ta yadda in an yanke shi a gicciye zai ba da kusurwa huɗu, kuma wannan tudu ne ke hana shi lanƙwasa idan ya daki abu mai tauri. Wani masani Bature, Ewart Oakeshott, ya rarraba takubban tsakiyar zamani bisa wannan siffa, ya ba su lambobin Rumawa daga X zuwa XXII. In ka ga an rubuta nau'i na XII ko na XV a takardar bayani, rabonsa ake nufi: daga X zuwa XIV sara ya fi yawa, daga XV tsini ya karɓi gaba.

Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne kauri. Matsa gefen akwatin gilashin, ka durƙusa in ya kama, ka dubi takobin ta bakin kaifi. Takobin kirki yana da kauri a gindi, wajen milimita 5 ko 6, wani ya fi haka, ya riƙa sirancewa a hankali har kusa da baki. Wannan sirancewa ita ke sa nauyi ya dawo kusa da hannu. Ruwan da kaurinsa ɗaya daga gindi har baki, ko dai na ado ne, ko kwaikwayo ne na baya, kuma a hannu zai yi nauyin banza. Takobin hannu ɗaya na tsakiyar zamani yakan tsaya tsakanin kilo 1 da kilo 1 da rabi. Dogon da ake kama shi da hannu biyu ba kasafai ya kai kilo 2 ba. Manyan na sojan ƙasa na ƙarni na 16, masu tsawon kusan mutum, su ne ke kai kilo 2 da rabi zuwa 3 da rabi. Waɗanda suka zarce haka na ɗauka ne a gaban sarki ranar biki. In ka ga takobi mai faɗi da babu tsini ko kaɗan, bakinsa a yanke, na hauni ne, ba na yaƙi ba.

Yanzu sai mariƙi. Sassa uku ne: sandar gicciye mai kare hannu, wurin kamawa, da dunƙulen ƙarfe na ƙarshe wanda ke tare hannu kuma yake daidaita nauyi. Ruwan yana da wutsiya da ta ratsa cikin ukun ta fito ta kan dunƙulen, aka dake ta da guduma ta baje. Nemi wannan wurin. In ka ga noti mai zare a takobin da aka ce na ƙarni na 13 ne, an taɓa kwance shi a baya-bayan nan. Wurin kamawa itace ne da aka naɗe da igiya da fata, kuma shi ne ke fara ruɓewa, don haka mafi yawan waɗanda za ka gani sababbi ne, ba laifi ba ne in takardar ta faɗa. Abin lura shi ne launin ƙarfe. Ruwa da gicciye da dunƙule, in sun tsufa tare, irin tsatsarsu da ramukan da ta ci za su yi kama. In ɗaya baƙi ƙirin ne mai ramuka, ɗaya kuma sumul, aure aka ɗaura musu daga baya. Takubban da aka tsamo daga kogi sukan yi baƙi duka, kuma sau da yawa sun fi na tono kyau, saboda laka tana hana iska cin ƙarfe. Haka aka samu tarin takubba a kogin Dordogne na Faransa, waɗanda ake dangantawa da yaƙin Castillon na 1453.

Daga ƙarni na 15 mayaƙa sun fara ɗora manuniya a kan gicciye don su juya tsini da kyau, sai yatsa ya shiga haɗari, sai aka ƙara masa zobe. Zobe ya jawo wani zobe, har aka kai ga kwandon sanduna da ke rufe hannu a siririn takobin da Faransawa ke kira rapière. Duba cikin wannan kwando: ɓangaren da ya fi yawan sanduna shi ne ke kallon waje, daga nan za ka gane na mai hannun dama ne ko na bahago.

Tambari da rubutu suna cikin kwarmi ko kusa da gindi, kuma sai hasken ya zo a karkace suke fitowa, don haka ka riƙa motsa kai. Kyarkecin Passau ya yi suna har maƙeran Solingen suka ɗauke shi. Sunan ANDREA FERARA yana kan takubban Sikotlan da yawa waɗanda a Jamus aka ƙera ruwansu. Sunayen maƙeran Toledo ta Sifen ma haka aka yi ta sata. Tun a ƙarni na 9 zuwa na 11, takubba masu sunan VLFBERHT suna zuwa da rubutu iri-iri, kuma ingancin ƙarfensu ba ɗaya ba ne. Suna a kan ruwa yana gaya maka abin da mai saye yake so ya gani, ba lalle wanda ya ƙera ba.

Akwai wasu takubba da mai karatun allo zai karanta fiye da Baturen da ke tsaye kusa da shi. Takubba ne ƙirar Turai da aka ajiye a ma'ajin makamai na Iskandariyya a zamanin sarakunan Mamluk na Masar, a ƙarni na 14 da na 15, aka zana musu rubutun Larabci a gindin ruwa, da sunan sarki ko amirin da ya ajiye su, da shekarar hijira. Da yawansu sun shigo ne bayan harin da sarkin Ƙubrus ya kai wa Iskandariyya a 1365 da yarjejeniyoyin da suka biyo baya. Daga baya Usmaniyawa suka kwashe su zuwa Santambul, wasu suka bazu. Akwai mai shekarar 1419 a Metropolitan, akwai mai 1432 a Royal Armouries, wanda yake da zoben yatsa guda. Darajarsu ita ce shekarar: takobin ba zai zama ƙirar bayan ta ba, don haka da su masana ke auna shekarun wasu.

Sulken zobba

Wannan shi ne sulken da muka sani a fada, kuma shi ne ya riƙe Turai har ƙarni na 13. Riga guda tana cin zobba dubu ashirin ko fiye, nauyinta wajen kilo 10. Kowane zobe yana saƙale da huɗu. Matso da ido har kusa da gilashi, ko ka buɗe kyamarar waya ka jawo hoton. A sulken yaƙi na gaske, an baje bakin kowane zobe, an huda, an sa ƴar ƙusa an dake. A tsofaffi za ka ga layi ɗaya mai ƙusa, layi ɗaya na zobba rufaffu da aka huda daga faranti. Zoben da aka haɗa bakinsa kawai ba ƙusa, tsini yana buɗe shi nan take, kuma a kayan Turai yawanci alamar gyara ce ko kwaikwayo. Bi layukan da ido wajen kafaɗa da hammata, za ka ga inda aka ƙara zobe ko aka rage don rigar ta bi jiki. Sulke yana tare kaifi amma ba ya tare nauyin duka, shi ya sa ake sa riga mai auduga ko tsumma a ƙarƙashi, aikin da lifidi ke yi a wurinmu. Wannan rigar ba ta cika tsira ba, sai ka cika ta da tunani.

Sulken faranti

Ya cika ne wajen 1420. Kafin nan ana ta gwaji: faranta ƙanana da aka kafe cikin riga, irin waɗanda aka tono a kaburburan yaƙin Visby na 1361 a tsibirin Gotland na Suwidin. Cikakken sulken yaƙi yana da nauyin kilo 20 zuwa 25, a rarrabe bisa jiki duka, mai shi yana hawa doki da kansa, yana faɗuwa ya tashi. Wanda ya kai kilo 40 na wasan sukuwa da mashi ne, inda ba a bukatar tafiya, sai dai kada a mutu.

Salo uku za ka fara ganewa. Na Milan, na ƙarni na 15, sumul ne mai zagaye, kuma gidan Missaglia ne suka fi suna a kansa. Na Jamus na ƙarshen wannan ƙarni siriri ne mai tsini-tsini da layukan tudu. Na wajen 1510 zuwa 1530, wanda ake laƙaba wa sunan Maximilian, tudu da kwari ne a jere ko'ina sai ƙwauri. Waɗannan layuka suna ƙarfafa siririn ƙarfe, kamar yadda lanƙwasar kwanon rufi ke hana shi lotsawa. Tambarin gari yana kusa da wuya ko gefen faranti: Augsburg ɗan itacen fir, Nuremberg garkuwa mai rabin gaggafa.

Kwatanta dama da hagu. Marufin kafaɗar hagu yakan fi girma, domin ta nan duka ke zuwa, na dama kuma an yanke shi don mashi ya samu wurin shiga hammata. A dama ta farantin ƙirji akwai ƙugiya, ko ramukan da ta bari, wadda ke tare mashi kada ya zame baya idan ya daki abu. Wannan na mai doki ne. Dubi bakin wuya da na hammata, an naɗe ƙarfen waje ko ciki don ya tsayar da tsinin da ya zamo kuma kada ya yanki mai shi. Dubi gaɓoɓi: ƴan faranta ne da suka hau juna, wasu a kan fata ta ciki, wasu a kan ƙusa mai zamewa cikin dogon rami. Farantin ƙirji yakan kai milimita 2 zuwa 3 a tsakiya, na hannu da ƙafa wajen milimita 1. Da bindiga ta yi ƙarfi, a ƙarni na 17, aka ƙara kaurin ƙirji aka yar da na ƙafa. Lotsawa guda mai zagaye da za ka gani a irin waɗannan ƙiraza yawanci ba ta yaƙi ba ce, maƙeri ne ya harba don ya nuna wa mai saye harsashi ba ya ratsawa.

In an ajiye sulke a tsakiyar ɗaki, zagaya bayansa, ka leƙa ciki ta wuya ko hammata. Waje an goge shi shekaru ɗaruruwa, ciki kuwa sawun guduma na nan. Ƙyallin da kake gani ma sau da yawa aikin masu gogewa ne na baya, domin da yawa baƙaƙe ne tun asali, ko an ƙona su sun yi shuɗi, ko an shafa musu fenti. Ramin da babu ƙusa a ciki, ko wanda bai yi daidai da na farantin da ke kusa ba, shaida ce an sauya wani abu. Zanen da aka ci da ruwan asid ba ya rage ƙarfin faranti sosai, don haka sulke mai zane da ruwan zinariya yana iya zama na yaƙi. Wanda aka bubbugo siffofi suka taso, irin aikin Filippo Negroli na Milan, na fita biki ne, domin tudun yana kama tsini maimakon ya zamar da shi. Sulken babban mutum a jikinsa ake auna shi: a Hasumiyar Landan, sa ido a ƙugun sulken Henri na 8 na wajen 1515 da na 1540, za ka ga yadda sarkin ya yi ƙiba.

Takardar bayani

Karanta ta bayan ka gama kallo, ba kafin ba, sannan ka gwada abin da idonka ya ba ka da abin da aka rubuta. A Faransa, kalmar vers tana nufin wajen shekara kaza. Attribué à zato ne mai ƙarfi, ba tabbas ba. Composite ko remonté na nufin an harhaɗa daga sassa daban-daban. Dans le style de kuwa kwaikwayo ne, a faɗe cikin ladabi. Cikakken sulke na ƙarni na 15 da duk sassansa na asali ne kaɗan ne ƙwarai a duniya. A ƙarni na 19 attajirai sun yi ta neman sulke don ƙawata zaure, dillalai suka riƙa cike giɓi, wasu kuma suka ƙera na jabu gaba ɗaya: kwalkwalayen da Samuel Pratt ya sayar a Landan da takubban da Anton Konrad na Dresden ya ƙera daga baya, a farkon ƙarni na 20, sun yaudari manyan masu tarawa. Har shahararren barde da dokinsa na wajen 1480 da ke Wallace akwai sassan da aka cike daga baya. Takobin naɗin sarautar Faransa da ke Louvre, wanda ake kira Joyeuse ana jingina shi ga babban sarkin nan Sharlaman, dunƙulensa na ƙarni na 10 ko 11 ne, gicciyensa na ƙarni na 12, alhali Sharlaman ya rasu a 814. Wannan ba ya rage masa daraja, amma ya kamata mai kallo ya sani.

Wajen hoto, kashe walƙiya, haskenta yana ɓatar da zanen a hoto kuma gidaje da yawa sun hana. Kawo waya kusa da gilashi ba tare da ta taɓa ba, ka tare hasken gefe da tafin hannu. Kowane abu ka ɗauke shi duka, sannan mariƙi, sannan tambari, sannan ta gefen kaifi, ka rufe da hoton takardar bayani mai lambar rajista. Wanda ya manta wannan na ƙarshe zai dawo da hotuna ɗari biyu bai san wanne ne wanne ba. Zane da fensir ya fi hoto koyarwa, ko da hannunka bai iya ba, domin sai ka ƙirga faranta nawa ne a gwiwa kafin ka zana su.

In kana son a fito maka da shi

Abin da ke cikin gilashi kaɗan ne daga abin da ke ma'aji. Ɗalibi mai bincike, ko maƙeri, ko ma'aikacin gidan tarihi yana iya rubuta wa mai kula da sashen, makonni kafin tafiya, ya faɗi ko shi wane ne, lambobin abubuwan da yake so, da abin da zai duba a jikinsu. Roƙo mai iyaka, kamar kwatanta tamburan jinjirin wata na Solingen da na takubban Ayar da Adar, ya fi samun amsa a kan na mai cewa yana son ganin takubba. Kada ka ɗauko takobin gidanku don kwatantawa: kwastan da jami'an jirgi za su tare shi, kuma dokar Nijar ta 1997 kan kayan tarihi ta sa sharaɗi a kan fitar da irinsu. Hoto mai kyau da ma'auni a gefensa ya isa.

A ɗakin bincike ana sa safar hannu ta roba, domin gishirin gumi yana barin sawun yatsa da tsatsa a kan gogaggen ƙarfe. Fensir kawai ake rubutu da shi. Cire zobe da agogo. Ɗaga takobi da hannu biyu, ɗaya a mariƙi ɗaya a ƙarƙashin ruwa, a saman tebur mai shimfiɗa, kada ka kaɗa shi, kada ka gwada kaifi da yatsa, kada ka lanƙwasa shi don jin tauri, tsohon ƙarfe yana iya samun tsaga da ido bai gani. Ma'aunin kauri na roba za ka kawo, na ƙarfe yana karce. Lokaci kaɗan za a ba ka, saboda haka fara da abin da kundi ba ya bayarwa: kauri a gindi, a kowane santimita 10, da kusa da tsini, sai wurin daidaiton nauyi, sai faɗi da zurfin kwarmi. Tambayi mai kula ko akwai fayil na gyaran da aka yi wa abin, ko hoton da aka haska cikinsa da na'ura, domin a nan ake ganin wutsiyar da aka yi wa ƙari da rubutun da tsatsa ta binne.